Kafin kwamfuta ta shiga kotun Tanut, a san wanda ke riƙe da alƙalami

Shekaru goma ke nan maganar zamanantar da shari'a ta zama waƙar bakin ministoci a faɗin Afirka. Ƙasar Ruwanda ta soma tun 2016, inda ta haɗa masu bincike da masu gabatar da ƙara da kotuna da gidajen kaso a kan tsarin kwamfuta guda, ta yadda ƙara ke tashi daga ofis zuwa ofis ba tare da masinja ya ɗauki takarda ba. Da annobar korona ta rufe ƙofofi a 2020, Maroko ta koma yi wa tsararru shari'a ta hoton bidiyo, alƙali na zaune a kotu, wanda ake tuhuma na gidan kaso. Kenya ta wajabta shigar da ƙara ta intanet a kotunan Nairobi, a Najeriya kuma babbar kotun jihar Borno ta yi zamanta na farko ta na'ura a watan Afrilu na 2020. A Nijar ma kotun kasuwanci ta Yamai, wadda ta fara aiki a 2016, ta ɗauki ɗabi'ar sanya hukunce-hukuncenta a intanet domin kowa ya karanta. Iskar da ta kaɗa a manyan birane ba za ta tsaya a can ba. Ko ba daɗe ko ba jima za ta bi hanyar Agadas ta iso Damargu, kuma ya dace mutanen Tanut da Belbeji su san abin da take ɗauke da shi tun ba ta iso ba.

Babu mai hankalin da zai ƙi amfanin da ke ciki. Tsakanin Tanut da Damagaram kusan kilomita 140 ne, kuma duk wanda bai yarda da hukuncin kotun Tanut ba, Damagaram zai nufa, daga can kuma sai Yamai, tafiyar wajen kilomita 900. Ɗan kasuwar da ya bar rumfarsa ya biya kuɗin mota, ya isa aka ce masa an ɗage zama, ya san tsadar rashin labari. Saƙon salula guda ɗaya da zai gaya masa ranar zama ya isa ya tsare masa kuɗin mota da cinikin yini biyu. Ma'aikaci kuma ya san wahalar takardar shaidar rashin laifi, wadda ake kira kaziye, domin tsarin da aka gada daga Faransa ya ɗora ta a kan kotun wurin haihuwar mutum, ko da aiki ya kai shi Gaya ko Difa. Ƙasar Benin ta mayar da neman wannan takarda ta intanet a 2020, Burkina Faso ta bi sahu a 2023. Wannan ba sihiri ba ne, rajista ce da aka tattara wuri guda.

Akwai kuma abin da ya fi nisan hanya ciwo. Binciken da malamin jami'a Mahaman Tidjani Alou ya wallafa a 2001 a kan cin hanci a shari'ar Nijar, cikin wani babban nazari da ya haɗa da Benin da Senegal, ya nuna yadda jinkiri da ƙarancin kayan aiki da duhun kan mai ƙara game da dokar da ake yi masa hukunci da ita suka haifar da dillalai a bakin kotuna, masu cin abinci da cewa sun san ƙofa. Taron ƙasa a kan shari'a da aka yi a Yamai a watan Nuwamba na 2012 ya sake taɓo waɗannan cututtuka. Fayil da ke da lamba a kwamfuta, wanda aka rubuta ranar shigarsa da sunan wanda ya karɓe shi da ranar da ya bar hannunsa, yana da wuyar ɓata, yana kuma da wuyar kwana a ƙarƙashin tebur har sai an ga abin goro. Ko da wannan kaɗai na'ura za ta yi, ta biya kuɗinta.

Sai dai akwai gaskiya guda da masu tallar na'ura ba su cika faɗa ba: kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta mata. A Damargu kuwa, mafi yawan abin da ke kai mutane gaban sarki ko alƙali ba a rubuce yake ba. Gonar gado, gonar aro, gonar jingina, rijiyar kakanni, burtali, mashaya, rabon gado tsakanin ƴaƴan ɗakuna biyu, duk a bakin dattawa suke, da kututturen itace, da jerin gamba a kan iyaka, in ta yi tsanani kuma a kai ga rantsuwa da Alƙur'ani. Dokar ƙasa ta san da haka. Dokar tsarin kotuna ta 2004, da ta 2018 da ta maye gurbinta, sun umarci alƙali ya yi aiki da al'adar masu shari'a a sha'anin aure da saki da gado da filayen da ba su da rajista, yana zaune tare da mashawarta masana al'ada. Kafin a zo gabansa ma, sai an bi ta wurin mai gari ko sarki ko ardo ko tambari domin sulhu. Ke nan ranar da aka ce hujja ita ce abin da ke cikin na'ura, tambayar da za ta yanke shari'a tun kafin a shiga kotu ita ce: wa ya riga kai sunansa?

Wannan tambaya ta fi nauyi a Damargu fiye da wurare da yawa, saboda ƙasar tana zaune ne a kan gaɓar noma da kiwo. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta ja layi daga yamma zuwa gabas, ta ce arewa da shi ƙasar kiwo ce, ba a buɗe sabuwar gona, kuma in dabba ta yi ɓarna a gonar da aka yi a can ba bisa ƙa'ida ba, babu diyya. Wannan layi ya ratsa ƙasar Tanut. Shekaru sittin da ɗoriya bayan haka, jama'a ta ninka, fari na shekarun 1970 da 1980 ya mayar da makiyaya da yawa manoma, gonakin hatsi sun haura layin, har wasu makiyayan da kansu suna shuka kewaye da rijiyoyinsu domin kada a ce filin ba shi da mai shi. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne, ta hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai, ta kuma bar layin 1961 yana aiki har a sabunta shi. Alƙalin da ke zaune a Tanut yana hukunci ne tsakanin layin da ke cikin doka da gonakin da ke ƙasa, kuma su biyun sun daɗe da raba hanya. A kudancin gundumar kuma, tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 a ƙasar Olelewa, fili a bakin titi ya zama haja mai farashi, abin da kakanni ba su sani ba.

Ƙasar nan ta taɓa ganin abin da alkawarin rubutu ke haifarwa, kuma ba a nesa ba. A ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da dokar filayen karkara, wadda ta daidaita mallakar al'ada da mallakar takarda, ta kuma tanadi hukumomin filaye, waɗanda jama'a ke kira Kofo. Ɗaya daga cikin biyun farko an kafa ta ne a Mirya a 1994. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Christian Lund, ya zauna a jahar Damagaram a waɗannan shekaru yana bin shari'o'in gonaki, ya fitar da littafinsa a 1998. Abin da ya gano ya kamata a rataye shi a bangon duk ofishin da ke shirin sayen kwamfuta: tun kafin dokar ta fara aiki, labarin zuwanta kaɗai ya tayar da rigingimu. Da mutane suka ji za a rubuta gonaki, mai gona ya yi sauri ya kori wanda ya ara wa tun zamanin ubansa, wanda ya ara ya daina kai damin da ke shaida aro ne, aka tono shari'o'in da aka binne, jam'iyyun da suka fito bayan taron ƙasa na 1991 kuma suka shiga tsakani, kowa na neman alƙalin da zai saurare shi. Dokar da aka yi domin kashe wuta sai da ta fara hura ta. Ba laifin manufarta ba ne. Kowa ya fahimci cewa ranar rubutu ita ce ranar rabo, wanda bai halarta ba kuma ya rasa.

Abin da takarda ta yi a 1993, na'urar awo ta GPS da hoton tauraron ɗan'adam za su iya yin ninkinsa, domin su hujjarsu tana da kwarjini. Dattijo na iya musanta dattijo, amma wa zai musanta taswira mai lambobi da hatimi? Alhali taswirar ba ta faɗi komai ba sai inda mai riƙe da na'urar ya taka, shi kuma ya taka ne inda wanda ya biya kuɗin man babur ya nuna masa. Hoton sama ya fi wannan haɗari. Yana ganin gona sarai, da kunyoyinta da iyakarta, amma makiyaya a wurinsa fili ne fetal da ba kowa. Ba ya ganin garken da ke sauka a kwarin Tarka wata uku a shekara, ba ya ganin yarjejeniyar da ta ba wata zuriya fifiko a kan rijiya tare da wajabta mata shayar da baƙo. Dokar 1997 ta amince wa makiyaya da wannan fifiko a mazauninsu na asali, amma fifiko ba shinge ba ne, kuma na'ura shinge take ganewa. Bafillace ko Buzun da ya yi arewa da damina, ranar da ma'auna suka zo ba ya nan. Matar da ke noma gayaunarta cikin gonar gidan miji, ba sunanta za a rubuta ba. Manomin da ya shekara talatin a gonar aro, bai san ma an zo ba. Wanda yake nan kullum, da takardunsa a jaka da lambar wayar kowane ofis, shi ne mai kuɗin birni da ke neman filin da zai killace.

Bai kamata a ɗauki wannan da wasa ba. Wanda ya manta, ya tuna Toda, a jahar Maraɗi, inda a ƙarshen Oktoba 1991, ana tsakiyar taron ƙasa, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. Mutumin da kotu ta kayar da shi bisa shaidar dattawan da ya sani yakan haƙura ko da ransa bai so ba. Wanda aka kayar da takardar da aka yi a bayan idonsa, cikin harshen da ba ya ji, ba ya ɗaukar abin a matsayin hukunci.

Saboda haka jerin aiki yana da muhimmanci fiye da tsadar kayan aiki. Abin da ya kamata a fara aunawa a gundumomin Tanut da Belbeji shi ne dukiyar kowa da kowa: burtali, makiyaya, tafkuna, rijiyoyin gwamnati, wuraren saukar garke. Waɗannan ne ba su da mai tsaya musu, su ne kuma ake ci da gefe-gefe kowace damina. In aka auna su a gaban manoma da makiyaya, a lokacin da ɓangarorin biyu ke ƙasar, aka kafa alamu, aka ajiye kwafi a Kofo ta gunduma da ofishin magajin gari da wurin magatakardan kotu, to alƙali ya sami ma'aunin da zai gwada duk wata takardar mallaka da za a kawo masa daga baya. Aikin Kofo tun asali ya ƙunshi bincike a fili da sanarwa kafin ba da takarda. Sanarwar da aka liƙa da Faransanci a bangon ofis ba sanarwa ba ce. A yi shela ranar kasuwa a Tanut da Belbeji da Bakin Birji da Gangara, a faɗa a rediyon karkara da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, a kuma ba da wa'adin da zai kai har dawowar masu kiwo. Haka nan takardun sulhu da sarakuna ke yi, waɗanda doka ta ce a rubuta, su ne suka fi cancantar a fara ɗaukar hotonsu a adana, domin shari'a nawa ce ke dawowa kotu bayan shekara ashirin don kawai gara ta ci takardar, ko sarkin da ya yi sulhun ya rasu?

Sai maganar harshe, wadda ita ce uwar rubutu. A kotu mai ƙara na magana da harshen uwarsa, tafinta na juyawa, magatakarda na rubutawa da Faransanci, a ƙarshe a miƙa wa mutum takarda ya dangwala yatsa a kan maganar da aka ce tasa ce. In aka ɗaukaka ƙara, alƙalan Damagaram wannan rubutun za su karanta. Kundin da hukumomin ƙasa suka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. In wannan magana ba ado ba ce, kotu ce wurin farko da ya kamata a gan ta. Na'urar ɗaukar murya ba ta kai kuɗin tayar mota guda ba, amma za ta ajiye abin da shaida ya faɗa da bakinsa, ta yadda in aka yi gardama a kan fassara akwai inda za a koma. Hukunci kuma a ba mutum taƙaitaccensa da harshen da yake ji. Hausar ma ba ta wadatar ba a ƙasar da makiyayi zai fi bayyana haƙƙinsa da Tamajak ko Fulatanci.

Ƴan kasuwa su ma sun riga doka shiga sabon zamani. Cinikin hatsi da na bisashe tsakanin Damargu da Agadas da Kano yanzu da saƙon murya na WhatsApp ake ƙulla shi, kuɗi na tafiya ta kamfanonin aike, rasit na zuwa a waya. Nijar ta yi dokar mu'amala ta na'ura a 2019, ta yi ta laifuffukan intanet a cikin wannan shekarar. Abin lura shi ne wacce daga cikinsu ta fi saurin aiki. Tun a 2020 aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet saboda rubutu a Facebook. An sassauta dokar a 2022, aka mayar da hukuncin ɗauri a 2024. Hukuma ta nuna cewa ta iya karanta waya in ana neman mai suka. Ya rage ta nuna ta iya karanta ta in falke ya zo da saƙon murya yana neman kuɗin buhunansa, wato ta tanadi ƙwararrun da za su tabbatar da sahihancin saƙo, a daidai lokacin da na'ura ta iya kwaikwayon muryar mutum, ba tare da an ce sai an aika da wayar Yamai an jira wata shida ba.

Game da na'urorin da ake cewa suna tunani, har ana raɗe-raɗin za su gaji alƙalai, magana kaɗan ta isa. A birnin New York, a watan Yuni 2023, wani alƙali ya ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun kawo masa hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira, waɗanda ba a taɓa yi ba. A Amurka dai, binciken ƴan jarida na 2016 ya zargi wata manhajar auna haɗarin mai laifi da yi wa baƙar fata mummunan zato fiye da farare. In haka ta faru a ƙasar da aka rubuta shari'o'inta na ɗaruruwan shekaru, me na'ura za ta faɗa game da gadon rijiya a Tenhiya, wanda ba ta taɓa karanta layi ɗaya a kansa ba? Za ta ba da amsa, domin ba ta iya shiru ba, kuma amsar za ta fito da Faransanci mai kyau. Aikin da ke gaban masana na jami'ar Damagaram da cibiyar bincike ta LASDEL ya riga wannan: tattara hukunce-hukuncen al'ada na kotunan jahar, da sulhun sarakuna, a ga inda suka dace da inda suka saɓa, a kuma san shari'a nawa ke shiga kotun Tanut a shekara, nawa ke fita, wata nawa tsararre ke yi kafin ya ga alƙali. Wanda bai auna ciwo ba, ba shi da ta cewa a kan magani, balle ya ciwo bashi ya saye shi.

Shari'a ta hoton bidiyo tana da wurinta, musamman ga shaidar da ke nesa ko ƙaramin zama na ɗage rana. Amma mutumin da ake tuhuma da babban laifi, yana magana daga cikin gidan kaso, mai gadinsa na tsaye a bayan na'urar, ba zai faɗi abin da aka yi masa a hannun masu bincike ba. Kuma duk wannan gini a kan wuta yake tsaye. A watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ofisoshin manyan birane sun ɗanɗana zaman duhu na watanni. Kotun da ta jefar da rajistar takarda ta dogara ga kwamfuta ba tare da faifan hasken rana da batir da ma'aikacin gyara ba, ranar da wuta ta ɗauke shari'a ta ɗauke. Ma'aikatan gwamnati sun san ɗakunan da aka tara kwamfutocin ayyukan agaji da suka mutu wata shida bayan tafiyar masu ba da kuɗi, don an rasa kuɗin tawadar buga takarda.

Ma'aikatar shari'a da sakatariyar dokar filayen karkara su ne ke da amsar tambayoyin da manomi da makiyayi da falken Damargu ke da haƙƙin yi tun yanzu. A wane ofis bayanan filaye za su zauna, wa ke da ikon canza layi a cikinsu, kuma in ya canza, ina alamar da za ta nuna shi ne? Nawa talaka zai biya ya ga abin da aka rubuta a kan gonarsa? In taswira ta saɓa da shaidar dattawa da mashawartan al'ada, wanne alƙali zai bi, kuma wace doka ce ta faɗa masa? Manufar ƙasa a kan filayen karkara da gwamnati ta amince da ita a 2021 ta yi alkawarin tsare haƙƙin masu rauni. Kowace shekara bayan girbi gwamnan Damagaram na sanya ranar sakin gonaki, garkuna su gangaro kudu, manoma da makiyaya su haɗu a ƙasa guda na ƴan watanni. In za a auna burtalin Tanut da Belbeji, a waɗannan watanni ne ya kamata ma'auna su fito.